Yadda Naman Emu Ya Raba Ni da Awartakin Babana

Shekara goma sha tara ina riƙe da awartakin gashin nama a garinmu Yalgarin, kuma duk wanda ya ce maka a cikin shekarun nan wani ya taɓa kai hannu kan kaskona, ka ce ni Kel Dulan na ce ƙarya yake yi. A wurinmu kana iya aron motar mutum, ka ari injin girbinsa, har karensa ma ka tafi da shi korar tumaki. Amma idan namiji ya tsaya gaban kaskon gashi da awartaki a hannu, ba a taɓa masa nama, ba a kuma ba shi shawara. Iyakarka ka tsaya gefe ka ce, "Kai, ƙamshi!"

Duk shekara da an gama girbin alkama, mu 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji mukan yi walima a filin ƙwallo. Gari duk yakan fito, mutum ɗari da hamsin in an haɗa da jarirai. Mata su kawo kek da salak, ni kuwa in kunna gas ƙarƙashin kaskon ƙarfen nan mai faɗin ƙofa, in jera haƙarƙarin tumaki da sosej. Awartakin ba na kanti ba ne. Babana ya ƙera shi da hannunsa, ya yi gashi da shi shekara ashirin da biyu, sannan ya damƙa mini. Ƙa'idata guda ce tak: nama in bai yi baƙi ba, bai gasu ba.

Tsiyar ta faro ne daga ƙirjina. Wata rana ina ɗaga buhun iri na ji kamar an ɗora mini dutse, matata Nolin ta kwashe ni sai wurin Likita Perera. Ya gwada nan, ya gwada can, ya cire gilashinsa ya dube ni.

"Mista Dulan, kitse ya kusa toshe maka hanyoyin jini. Daga yau kai da sosej sai kallo."

"Likita, ni ne fa mai gashin garin nan."

"Na sani," in ji shi. "Rabin masu layi a waje ma abokan cin gashinka ne."

A ɗakin jira, kafin Nolin ta karɓo magani, na tsinci wata 'yar takarda mai hoton emu, doguwar tsuntsuwar nan ƙanwar jimina da ke fasa mana shingen gona. Na karanta fuskar takardar. Wai namanta ja ne kamar na shanu, ya fi na shanun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga furotin, kitse kuwa kusan babu. Na ninke na sa a aljihun riga. Bayan takardar ma akwai rubutu, amma mutum irina da ya riga ya gane abu ba ya ɓata lokaci.

Labarin ƙirjina ya riga ni zuwa taron shirya walima. Ina shiga rumfar motar kashe gobara na tarar da Stan Petrakis, mai shagon kifi da dankali, ya miƙe yana magana da muryar masu ta'aziyya. Shekara goma ke nan yana haɗiyar yawu kan awartakina.

"Ni tausayinsa nake ji," in ji Stan. "Bawan Allah ya tsaya cikin hayaƙin kitse da wannan zuciyar? Bana a bar mini. In gasa kifi da lemon tsami, kowa ya koma gida da ƙafarsa."

"Kifi?" na ce. "A garin da teku ke nesa da kilomita ɗari uku? Mutane sun yi wata biyu suna girbi, ka ba su abincin kyanwa?"

"To me za ka ba su? Likita ya hana ka, ya hana rabin mutanen da ke zaune nan."

Na zaro takardar na kaɗa ta sama. "Emu! Jan nama, ba kitse, ga ƙarin jini. Tsoho ya ci ya tashi da gudu."

Horri Blait, shugabanmu, wanda ya haura tamanin, ya gyara haƙoran robarsa da harshe. "Ka taɓa gasa emu, Kel?"

A nan ya kamata in yi shiru. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Ni? Tun Stan yana tsumman goyo nake gasa emu. Idona a rufe ma zan iya."

"Shi ke nan," in ji Stan. "In mutane suka cinye, na rufe bakina har abada. In kuwa aka bar maka kayanka, ka miƙo mini awartakin nan a gaban kowa."

"Kawo hannu," na ce. Muka yi musabaha, Horri ya shaida.

Emun daji doka ta hana taɓawa, saboda haka ranar Laraba ni da Nolin muka hau a-kori-kurata muka nufi gonar Anti Dalsi. Dattijuwa ce ta mutanen asalin ƙasar nan, ita da 'ya'yanta suna kiwon emu, kuma kowa Anti yake ce mata har 'yan sanda. Ta san ni tun ina gajeren wando, abin da ban taɓa yafe mata ba.

"Kelbin," in ji ta, don ita da cikakken sunana take kirana, "an ce za ka ciyar da gari. Zo mu je ka ga naman."

"Tsaya tukuna, Anti. Ni ba na sayen nama sai na ga dabbar da idona."

"Ai ba sai..."

Na riga na tsallaka shinge. Tsuntsayen suna can nesa, wajen arba'in. Kowa a Yalgarin ya san dabarar kiran emu: ka kwanta rigingine ka riƙa wulwula ƙafafu sama kamar mai tuƙa keke, son gulma ya kawo ta. Na kwanta na fara wulwulawa. Abin da ba a taɓa gaya mini ba shi ne yadda ake sallamar su in sun zo.

Suka zo, duk arba'in ɗin. Na ɗaga ido na ga wuya ta ko'ina, da jajayen idanu. Ɗaya ta cafke maɓallin rigata. Wata ta tafi da hulata. Wata ta sa baki a aljihu ta zare takardar nan da na tsinta a wurin likita, ta haɗiye ta ina kallo. Na yunƙura zan tashi, wata ƙatuwa ta ba ni ƙafa a mazaunai, na tsinci kaina a gindin shinge ban san yadda na zo ba.

"Ka gama dubawa?" in ji Anti Dalsi. Nolin ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Waccan mai shurin," na ce ina haki. "Ita nake so. Akwai tsoka."

"Waɗannan masu ƙwai ne, ɗana. Naka tun jiya yana cikin ɗakin sanyi."

Ta nuna mana naman, ja wur, an yanka shi fala-fala, babu ko ɗigon fari a jikinsa. Ta ɗauki yanka ɗaya ta ɗora a tafin hannu.

"Saurara, Kelbin. Tunkiya kitsenta a cikin nama yake, ko ka ƙona ta tana yafe maka. Emu kitsenta a gadon baya yake, waje guda, naman shi kaɗai yake zaune. Kasko ya yi zafi sosai, ka ɗan shafa masa kitsen nan, minti biyu nan, minti biyu can, ka sauke cikinsa yana ja. Ka bar shi ya huta. Kada ka danna shi. Mu dā a rami muke binne ta ɗungurungum cikin ganye da toka mai zafi, kanta a waje, in tururi ya fito ta baki ta nuna. Amma kai yankakke za ka yi, minti biyu kawai."

"Minti biyu ko shayi ba ya dahuwa, Anti."

"To ai ba shayi na sayar maka ba."

Ta miƙo mini bokiti cike da farin kitse. Na ce mata dalilin zuwana ke nan, gudun kitse. Ta ce cokali ɗaya a kasko ba zai kashe kowa ba, ta cusa bokitin bayan mota. Da muka koma gida na shafe takalman aikina da shi, na shafa wa ƙyauren gareji, na mulka wa gwiwoyina. Sauran na bar shi a bayan mota, rana tana dukansa.

Ranar Juma'a da rana Nolin ta ajiye mini faranti a gaba. Ta ɗauki yanka ɗaya ta yi yadda Anti ta ce.

"Ɗanɗana, don Allah. Gwaji kawai."

Na sa wuƙa, na ga ja a ciki. "Wannan ai in an kai shi wurin likitan dabbobi zai tashi."

"Kel, bayan takardar nan da emu ta cinye, abin da aka rubuta ke nan. Na karanta a mota."

"Nolin, shekara talatin da huɗu da aurenmu, na taɓa shiga miki harkar kek?"

"Ka taɓa. Shi ya sa muka sake fentin kicin."

Na tura wa karenmu Biskit naman. Ya haɗiye, ya lashe faranti, ya zauna yana kallon Nolin kamar yau ya fara ganin ta. Ko wannan bai sa na yi tunani ba.

Asabar ta zo da zafi irin na Disamba, wanda a wurinmu tsakiyar bazara ne. An kafa rumfar tamfol a kan kaskona, teburin kek na mata yana gefe, motar kashe gobara an wanke ta tana ƙyalli. Na ɗaura atamfar da nake gashin nama da ita a ƙugu, na ɗaga awartaki na ƙyasta shi sau biyu kamar yadda babana ke yi. Na hau kan akwatin ƙanƙara na yi jawabi.

"Jama'a, yau za ku ci lafiya da bakinku! Duk mai ƙarancin jini ya matso gaba. Duk wanda ya ci yanka biyu, gobe ya jefar da sandarsa!"

Aka yi tafi. Na lura layin bana ya fi na kullum tsawo, har da masu faranti biyu. Na jera rabin naman a busasshen kasko, yanka tamanin.

Minti biyu suka yi. Anti Dalsi tana zaune a kujerar roba a inuwa, ta dubi Nolin, Nolin ta dubi sama. Ba wanda ya ce uffan, ai da awartaki a hannuna. Minti biyar na je juyawa, naman ya ce bai san zancen ba, ya manne. Na kankare shi da ƙarfi. Na danna kowane yanka da bayan awartaki kamar yadda nake wa sosej, ruwan ciki ya tsiyaye ya ƙone. Yankan da ya shiga da faɗin tafin hannu ya koma faɗin murfin kwalba.

Stan ya matso, hannu a baya. "Kai, ƙamshi!" in ji shi. "Wa yake ƙona taya?"

"Koma wurin kyanwoyinka."

Na yanki ɗan guntu a ɓoye na sa a baki. Tauri. To a sanina nama in ya yi tauri, bai nuna ba ne. Na ƙara wuta. Minti ashirin na sake gwadawa, ya ƙara tauri, abin da ya tabbatar mini har yanzu da saura. Na tsiyaya masa gwangwanin giya biyu don ya yi laushi, tururi ya tashi, ya bar shi da ɗaci. Sai da ya yi minti arba'in, ya yi baƙi ƙirin yadda ƙa'ida ta ce, sannan na buga kasko na ce a miƙo faranti.

Ban taɓa jin mutum ɗari da hamsin sun yi shiru haka ba. Ba ka jin komai sai wuƙaƙen roba suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Muƙamuƙai suna ta aiki, ba wanda maƙogwaronsa ya motsa. Wata mata ta sunkuya ta miƙa wa Biskit nata. Ya shinshina, ya ɗauka a hankali, ya kai gindin turken gola ya binne.

"Likita!" na ƙwala kira, don in samu mai goyon baya. "Gaya musu amfanin naman nan!"

Likita Perera ya zaro abin daga bakinsa, ya duba shi ta kowane gefe. "Amfanin yana nan, Mista Dulan. Furotin yana nan, ƙarin jini yana nan. Sai dai duk sai an haɗiye suke aiki."

"Ka ga takalminsa kuwa?" in ji Stan da ƙarfi. "Dubi yadda yake sheƙi, ga laushi. Kel, ko shi za ka yanka mana?"

Dariya ta ɓarke. Ana cikin haka Horri ya ja namansa da hannu biyu, naman ya fito da haƙoran sama da na ƙasa cafke a jikinsa. Ya ɗaga su yana kallo.

Maganar takalmi ce ta tuna mini. Kitse! Ashe abin da ya rasa ke nan. Na ruga mota na ɗauko bokitin. Kwana uku a rana ya narke ya zama mai, tsululu. Anti ta ce cokali ɗaya. Na yi lissafin cewa cokali ɗaya na farkon gashi ne, wanda ya makara sai ya rama.

"Kelbin, kada..." in ji Anti Dalsi, ta karya al'adar garin a karo na farko.

Na juye bokitin gaba ɗaya kan ɗan naman da ya rage a kaskon da ya yi minti arba'in a kan cikakkiyar wuta.

Abin da na fara ji shi ne wup! Abin da na fara rasawa kuwa girata ce, duka biyun. Wuta ta tashi ta kama tamfol. Ga 'yan kashe gobara ashirin da shida a wuri guda, kowa bakinsa cike da abin da ba ya tofuwa ba ya haɗiyuwa. Horri ya hau kujera yana ba da umarni ba haƙora, ba wanda ya gane ko kalma. Wani ya kashe gas, wani ya feshe kasko da farin garin kashe wuta. Biyu suka ja mesa daga mota suka nufi tamfol, ruwan ya zo da ƙarfin da ba su shirya masa ba. Ya fara da ni, ya bi ta kan teburin mata, ya ɗauke kek goma sha ɗaya har da mai hawa uku na matar fasto, sannan ya sami tamfol ɗin.

Da hayaƙi ya lafa, ina zaune a cikin taɓo, kirim a kunne, awartaki har yanzu a hannuna. Duk farantan da aka raba, ba ko ɗaya da aka cinye.

Stan ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi dariya ba, wannan ma ya fi ciwo. Ya miƙo hannu.

Na tashi. Na goge awartakin da gefen atamfata, na dubi wurin da babana ya buga harafin sunansa. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ƙwalla, na ce hayaƙi ne. Na miƙa masa.

Stan ya ƙyasta shi sau biyu, ya buɗe akwatin ƙanƙara inda sauran yanka tamanin suke. Ya daɗe yana kallon naman. Sannan ya sosa ƙeya.

"Anti, ni fa kifi na sani."

"Ba wa Nolin," in ji Anti Dalsi daga kujerarta. "Ranar Laraba mutum biyu na yi wa bayani, ɗaya ce ta zo da kunne."

Mace ba ta taɓa tsayawa a kaskon Yalgarin ba, amma yunwa ba ta san al'ada ba. Stan ya miƙa wa Nolin awartakin. Aka wanke kasko tas, aka kunna. Nolin ta kankaro ɗan man da ya rage a gindin bokiti ta shafa, ta barbaɗa gishiri da barkono. Ta juyo ta dube ni.

"Kel, agogonka yana aiki?"

"Yana yi."

"In minti biyu suka cika ka faɗa."

Na faɗa. Ta juya. Na sake faɗa, ta sauke, ta rufe shi ya huta, ta yanka siri-siri. Layi ya sake kafuwa. Wannan karon shirun da aka yi iri dabam ne. Horri, haƙoransa a aljihu, ya cinye yanka ɗaya ya koma layi. Nolin ta miƙo mini nawa, ja a ciki. Na rufe ido na sa a baki. Laushi, ga romo, ga ɗanɗanon da ya fi na tsokar bayan saniya. Na ci na sake ci, ina jin haushin daɗinsa.

Na koma kusa da Horri na zauna. "Tsoho, yau dai tsautsayi ne. Amma shekara goma sha tara ai kun ci daɗi."

Ya mayar da haƙoransa, ya dafa mini gwiwa.

"Kel, ɗan'uwana, shekara goma sha tara kowa a gida yake cin abincinsa kafin ya taho. Naka mukan kankare baƙin mu ci abin da ya samu, kitse ne yake rufa maka asiri. Bana ce kawai muka zo da yunwa, don ka ce sabon abu ne."

Na dube shi baki buɗe. "Kuma duk garin nan aka rasa mai gaya mini?"

"Wa zai gaya maka? Awartaki yana hannunka."

Shekara uku ke nan Nolin ce ke gashin walima, emu kuma ta zama abincin ranar. Awartakin babana yana rataye a kicin ɗinmu, a ƙusar da ta fi kusa da hannunta. Ƙirjina ya yi sauƙi, girata ɗaya ta dawo. Ni nake tsayawa gefen kasko da agogo, kuma ba yabon kai ba, ka zaga duk yankin alkama ka tambaya, ba za ka sami mai ƙirga minti biyu kamar Kel Dulan ba.